Mita Goma Sha Bakwai

Shafi na 23

Kwana huɗu ke nan Injiniya na zuwa ƙofar ɗaki mai lamba shida a asibitin ƙashi, ya tsaya, ya gyara wuyan riga, ya ƙaƙaro murmushi, sannan ya tura ƙofa. Yau ko murmushin ya ƙi zuwa.

Haka ya shiga.

Ƙaninsa Auta na kwance yadda ya bar shi jiya. Ƙafar dama a sagale cikin ƙarafa, an yafa mata farin ƙyalle, ruwa na ɗiga ta roba zuwa bayan hannunsa. Matar Auta, Malama, na kan kujerar roba, riƙe da kofin shayin da ya daɗe da hucewa.

"Yawwa, ga Yaya nan," ta ce, ta miƙe ta ba shi kujerar. "Wataƙila kai ya ji maganarka. Tun jiya ko ruwa sai an yi dambe da shi."

"Ina Inna?"

"Likita ya kira ta ofis." Ta sauke murya. "Da safe ya ɗaga ƙyallen, ya daɗe yana kallon yatsun. Bai ce komai ba."

Auta ya juyo da kai a hankali.

"Injiniyan gidanmu. Ka zo duba mota? Kada ka wahalar da kanka, wannan bodin ya tashi aiki. Sai dai a sayar wa masu gwangwani."

"Bar irin wannan maganar, Auta."

"Na bari. Zauna ka taya ni lissafi, tunda kai ne mai lambobi." Ya lashi busasshen leɓensa. "Sau ɗari uku da goma sha biyu na sha kwanar nan a gem ɗin tseren mota na waya. Ba ni na ƙirga ba, waya ce ta ƙirga. In zo turken fitila na uku, in taka birki, in karya sitiyari, in fice. Ko sau ɗaya ban taɓa gogar katangar tankin nan ba. To ranar Asabar me ya same ni?"

Injiniya ya zauna. 

Ya san abin da ya same shi. Duk duniya shi kaɗai ya sani.

A ɗan kamfanin da suke ƙera gem ɗin tseren motoci na waya, aikinsa ɗaya ne: lambobi. Kowace mota tana da kati, a jikinsa an rubuta gudu, riƙon hanya da birki, kowanne bisa goma. Abin tinƙahon kamfanin shi ne ba sa ƙirƙira. Motar gaske ake kaiwa tsohon filin jirgi na bayan gari, filin da suka zana a gem ɗin har da turakun fitilarsa da katangar tankin ruwa, a kai ta gudun ɗari, a danne birki, a ja tef a auna inda ta tsaya.

Jar motar marigayi babansu, wadda Auta ya gada yake lallaɓa ta kamar ƙwai, Injiniya ne ya yi ruwa ya yi tsaki aka sa ta a gem. Shi ya riƙe bakin tef ɗin ranar. Mita hamsin da huɗu ta ci kafin ta tsaya. Birkinta biyar da ɗigo takwas.

Shi kuma, da yatsunsa, ya mayar da shi takwas da ɗigo tara.

Shekara biyu lambar na nan. Sai ranar Asabar da samarin gari suka shirya tseren gaske a filin, Auta ya shiga da motar gaske, ya taka birki daidai inda ya saba takawa a waya.

"Yaya, da kai nake."

"Ƙaddara ce, Auta."

"Ƙaddara na da hanyar da take biyowa. Ita nake nema." Ya miƙa wa matarsa hannu. "Ba ni wayata."



Jiya da rana, a ofis, da Injiniya ya tuna akwai wasu samarin masu irin motar, ya kasa daurewa. Ya buɗe kwamfuta, ya goge ƙaryar, ya mayar da lambar gaskiya. Gyaran ya fita zuwa wayoyin mutane yau da safe. Bai taɓa kawowa a ransa mai ƙafa a sagale zai nemi gem ba.

"Likita ya ce ka huta," ya ce da sauri.

"Likita ƙafa ya hana ni. Bai hana ni yatsu ba."

"Haba, wannan abin da ya kai ka ya baro, shi za ka sake riƙewa?" in ji Malama.

"So nake in ga inda na yi kuskure. In na gani zan sha shayinki, har kofin in cinye. Ba ni."

Ta dubi Injiniya, tana neman ya hana. Ya kawar da kai. Ta buɗe jaka ta ciro wayar, gilashinta duk ya tsage tun ranar haɗarin, ta ɗora masa a ƙirji.

Ƙarar injin gem ta cika ɗakin.

Injiniya na kallon bango, amma kunnensa na tuƙi. Ya san kowace ƙara, ai a gabansa aka naɗe ta. Giya ta uku. Ta huɗu. Miƙaƙƙiyar hanya. Turke na ɗaya. Na biyu.

Ƙarar birki.

Sai kuma ƙarar ƙarfe da bango.



"Ban shirya ba," in ji Auta. "Robar nan ce ta riƙe min hannu."

Ya sake. Turke na uku, birki, bango.

Ya sake. Bango.

A karo na huɗu bai ma jira motar ta gama juyawa ba, ya saki wayar ta zame kan mayafi. Ya ɗaga hannayensa biyu yana kallon su kamar na aro.

"Kun gani ko?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Ashe ni ne. Hannun ne ya mutu, ban sani ba. Tun kafin Asabar ya mutu."

"Kai, daina," in ji Malama.

"Ina ta neman wanda zan ɗora wa. Na ce taya ce, na ce yashi ne a kwanar, har bakaniken da ya canza min man birki na zarga a raina, bawan Allah. Ashe ga ɓarawon a jikina." Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shige kunne. "Motar da Baba ya riƙe shekara ashirin ko ƙwarzane babu, ni na mayar da ita kwano. Na haɗa da ƙafata. Yaya, da wane ido zan kalli Inna?"

Injiniya ya ga ƙofar tsira ta buɗe masa.

Ga ta nan, a sarari. Shiru kawai zai yi. Auta ya riga ya yanke wa kansa hukunci, ya ɗauki kayan ya ɗora a kansa. In ya kame bakinsa na minti biyu, maganar ta mutu har abada, kuma yana nan a matsayin Yaya, wanda ake miƙe wa a ba shi kujera.

Ya kame bakin.

Minti ɗaya ya wuce. Yana jin ɗigar ruwa a roba, yana jin kukan ƙaninsa, yana jin ƙyamar kansa har cikin maƙogwaro, amma bai yi magana ba.

Malama ce ta ɗauki wayar za ta kashe. Lissafi take koyarwa a makarantar sakandare, idonta ba ya tsallake lamba. Yatsanta ya tsaya a sama.

"Tsaya."

Ta matso da wayar kusa da fuskarta. Ta fita daga gem ɗin, ta kalli hoton da Auta ya sa a fuskar wayarsa tun bara: katin jar motar, abin alfaharinsa. Ta koma ciki. Ta sake fita.

"Yaya." Ba ta ɗago ba. "Ka gafarce ni, ni ban san kan abin nan naku ba. A hoton nan birki takwas da ɗigo tara ne. A cikin gem ɗin yanzu biyar da ɗigo takwas. Mota ɗaya ce kuwa?"

Auta ya daina kuka.

"Me kika ce?"

Ta juya masa wayar. Ya kalla. Ya goge ido da bayan hannu ya sake kalla.

"Wa ya taɓa min mota?"



"Yaya, wani a ofishinku ya lalata min kati. Shi ya sa nake ta dukan bango! Kira su. Kira su yanzu ka ce su mayar min da lambata."

"Ba wanda ya lalata."

"To me ke nan?"

Injiniya ya dubi ƙyallen da ke kan ƙafar. Daga ƙarƙashinsa babban yatsa ya ɗan leƙo, launinsa ba na mai rai ba.

"Gyara ne," ya ce. "Ni na gyara jiya. Ta yau ita ce ta gaskiya."

"Ta da fa?"

"Ni na rubuta ta."

Malama ta dafa ƙarfen gado.

Magana ta ɓalle masa kamar an fasa tulu. "Ka tuna bayan rasuwar Baba? Wata uku ba ka magana da kowa. Sai ka shiga motar a tsakar gida ka rufe gilashi ka zauna, ko kunna ta ba ka yi. Inna ta ce in yi wani abu kafin mu rasa ka kai ma. Shi ne na sa motar a gem, na kawo maka. Ranar farko kowa ya wuce ka. Kana shiga kwana tana zarcewa. Masu wasa suka yi ta rubuto maka, akwalar tsoho, akwalar tsoho. Ka jefar da wayar ka koma mota ka rufe gilashi."

"Na tuna."

"Washegari na je ofis na canza lambar. Lamba ɗaya tak. Da yamma na dawo na ji ka tun daga ƙofar gida kana ihu, ka zo na ɗaya. Kana dariya, Auta. Inna ta fito da gudu ta zaci wani abu ne ya faru. Na ce zan bar ta sati guda in mayar. Sati ya zama wata. Kullum in buɗe kwamfutar, in tuna dariyar, in rufe."

 A baranda wata nas ta wuce tana tura keken magani, tayarsa ɗaya na ƙugi.

Sai Auta ya yi wata 'yar dariya, marar daɗin ji.

"Wato duk kofunan nan da nake cika baki da su, na sata ne."

"Hannunka ne ya ci su. Birkin kawai—"

"Birkin kawai." Ya girgiza kai. "Kai dai Yaya wawa ne. Wallahi wawa ne kai. Garin neman gira ka rasa min ido." Ya ja numfashi mai tsawo, ya sauke. "Amma wawan kirki. Don ni ka yi. Gem ne, ai wasa ne. Ni ne sakaran da ya ɗauki wasa ya kai shi kan kwalta."

Ya miƙo hannun da babu roba.

Injiniya ya kama hannun da nasa biyu. Yana da zafi, zazzaɓi na cin sa. Ya sunkuyar da goshi a kai, kafaɗunsa na rawa. Kwana huɗu bai shaƙi iska ta kai masa ciki ba sai yanzu.

"Ranar Juma'a fa?"

Malama ce. Ba ta ɗaga murya ba. Tunda ta shigo gidansu ba ta taɓa kallon tsakiyar idon wan mijinta ba. Yau tana kallo.

"Wace Juma'a?" in ji Auta.

"Jajiberin tseren. Kana ƙarƙashin mota a tsakar gida, abokanka uku na zaune a kan benci, Yaya ya shigo. Ina shanya, ina jin ku."

Injiniya ya ji hannun da ke cikin nasa ya sandare.

"Ƙanwata, don Allah…"

"Ka yi haƙuri, Yaya. Ni zan yi jinyar ƙafar nan, ko babu ita. Ina da haƙƙin in ji." Ta juya ga mijinta. "Ka turo kai daga ƙarƙashin mota, ka ce masa me?"

Idon Auta na kan silin. A hankali ya fara magana, kamar mai karanto rubutu daga nesa.

"Na ce, Yaya, lambar birkin nan ta kati, ku kuka auna da hannunku?"

"Ya ce me?"

"Ya ce da tef muka auna, ni na riƙe bakinsa."

"Sai ka ce me?"

"Na ce to gobe a turke na uku zan taka, kamar a gem." Ya juyo da kai. Idon ya bushe ƙaf. "Kai kuma ka ce me, Yaya? Faɗa da bakinka."

Injiniya ya sunkuyar da kai.

"Faɗa!"

"Na ce… lambobinmu ba sa ƙarya."

Auta ya zare hannunsa. Ba da ƙarfi ba. A hankali, yatsa bayan yatsa.

"Ka manta ne a lokacin?"

Ga wata ƙofar kuma. Ƙarama, amma mutum zai iya kurɗawa. Na manta. Shekara biyu ai da yawa. Injiniya ya kalle ta, ya ga ba shi da sauran ƙarfin da zai bi ta ciki.

"Ban manta ba."

"Kana sane."

"Abokanka na wurin. Suna kirana Injiniya, suna tambaya ta yadda ake auna mota. Kai kuma kana nuna ni kana cewa wannan yayana ne, shi ya sa motar Baba a gem. Na ji kunya, Auta. Na ce zan kira ka in mun rabu, mu biyu. Na ɗauki waya sau uku. Sai na ce wa kaina, ai direba ne, kullum yana cikinta, ƙafarsa ta san birkin fiye da katina. In ya zo kwanar jikinsa zai gaya masa."

"A cikin gari ina na taɓa kai ta ɗari? Daga gida zuwa wurin aiki, ga danja ga 'yan makaranta. Ƙafata ba ta san komai ba. Kai na sani." Muryarsa ta karye, ya tattaro ta. "A turke na biyu jikina ya ce min taka. Wallahi ya ce min. Na ɗaga ƙafa ma. Sai na ji muryarka a kunnena, na mayar da ita kan totur."

Malama ta toshe baki da gefen mayafinta.

"Nawa ne bambancin?" in ji Auta.

"Auta…"

"Kai ne mai lambobi. Tsakanin ta ƙaryar da ta gaskiyar, nawa ne a ƙasa?"

"Mita goma sha bakwai."

"Ban san mita ba. Nuna min."

Injiniya ya dubi ƙofa. "Daga gadon nan… zuwa ƙarshen baranda. Wajen famfo."

Auta ya daɗe yana kallon ƙofar, kamar yana hango famfon ta cikin katako.

"Nan da can," ya ce. "Tafiyar da ko numfashi biyu ba ta kai ba. Ka gwammace in yi ta da ƙafata da a ce Injiniya ya yi ƙarya a gaban mutum uku."

"Ka yafe min. Ka zage ni, ka tsine min, amma—"

"Ɗazu da nake kuka ina cewa hannuna ne, kana zaune a nan. Kana ji."

 

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, aka turo.

Likita ne, dogo mai furfura a gemu, da fayil a hammata. A bayansa Inna, ta ja mayafi har goshi, idanunta sun kumbura sun yi ja. Kallo ɗaya Injiniya ya yi mata ya san abin da aka gaya mata a ofis.

Likita ya tsaya a ƙarshen gado, ya gyara murya.

"Na yi wa mahaifiyarku bayani. Jini ya daina zuwa ƙasan gwiwa. Mun jira iyakar jira. In muka ƙara kwana, ba maganar ƙafa za mu yi ba, maganar rai ce." Ya buɗe fayil ɗin ya zaro takarda. "Ƙarfe biyu za mu shiga tiyata. Kai za ka sa hannu a nan. A ƙasa kuma muna bukatar ɗan'uwa na jini ya shaida. Mama ta ce hannunta ba zai iya ba, a ba babban ɗanta."

Ya miƙa wa Injiniya biro.

Injiniya ya ɗaga hannu zai karɓa.

"Likita."

Muryar Auta ce, a miƙe, babu rawa.

"Ni ba ni da wa. Uwata ni kaɗai ta haifa namiji. Wannan bawan Allah ban san abin da ya kawo shi ɗakina ba, a ce ya fita."

Biron ya tsaya a iska tsakanin hannu biyu.

Inna ta dubi Auta. Ta dubi Malama, Malama ta sunkuyar da kai. Sannan ta juyo gaba ɗaya, ta tako har gaban babban ɗanta, ta ɗaga ido ta kalle shi.

"Kai," ta ce. "Me ka yi wa ƙaninka?"